Miya daga bokiti: noman tsakar gida a Birnin Kudu da Gwaram

Idan ka ce wa mutumin Gwaram ka shuka tumatir a bokiti, zai fara kallonka sama da ƙasa kafin ya amsa. Mutumin da ya buɗi ido ya ga gonar geron kakansa wadda sai an yi gumi kafin a kewaye ta, ga fadamar Kogin Bunga a bayan gari, ta yaya za ka zo masa da zancen noma a cikin abin ɗiban ruwa? Ai wasan yara ne, ko aikin 'yan boko da ba su san zafin ƙotar fartanya ba. Ni ma haka na ɗauki abin shekara da shekaru, har wata bazara ta zaunar da ni kwana biyu a gidan gwaggona a Birnin Kudu, na ga abin da ke shiga tukunyarta da inda yake fitowa.

Gidan irin na cikin gari ne da rabon gado ya bi ta kansa sau biyu. Muna yara akwai zogale uku a tsakar gidan, da gwanda, da wani lungu da ake yafa rama duk damina. Yanzu an ja katanga, an fitar da ɗaki biyu na haya, abin da ya rage kuma an shafe shi da siminti tun daga bakin zaure har ƙofar madafi, a huta da caɓi da kunama. Ko tafin hannu na ƙasa babu. Amma a gefen randunan ruwa, inda inuwar katanga ke sauka bayan azahar, sai ga tarkace a jere: tsohuwar randa da ta tsage, na'a-na'a ta cika ta har tana zubowa, bokitin fenti biyu, kowanne da attarugu, wata jarka da aka yanke cikinta aka kwantar, alayyafo ya yi cunkus, buhun taki da aka naɗe bakinsa, zogale ya kawo ƙugu, sai wani daro da ya ɓule, lawashi a tsaye kamar an taje shi.

Na ce, "Gwaggo, irin wannan gona haka, a wace kasuwa za a sauke amfanin?"

Ta ce, "Yi dariyarka, ɗan nan. Da daddare a bakinka za a sauke."

Haka kuwa aka yi. Tuwon dawa ne da miyar alayyafo, an jefa attarugu biyu da lawashi, kuma ban da gishiri da daddawa da ɗan manja babu abin da aka aiki yaro ya sayo. A wancan makon, tumatir huɗu da ba su fi ƙwan zabo ba sun kai kuɗin da a watan Janairu za a cika maka leda da shi har a yi maka gyara. Daga ranar na daina yi wa bokiti dariya, na koma lura da shi a duk gidan da nake da izinin wuce zaure.

Ba baƙon abu ba ne

Masu yaɗa abin a Facebook da TikTok suna kawo shi kamar wata sabuwar dabara da aka sauke daga jirgi jiya. Ba haka ba ne. Duk wanda ya girma a gidan Bahaushe ya san fasasshen tulun da ake dasa ɗoɗɗoya a ciki a ajiye kusa da makwarara. Ya san kaskon da ake renon irin barkono a ɗora kan rumfa don kada kaji su tone. Ya ga masu lambu suna renon dashen mangwaro da gwaiba a ledar fiya-wata. Ko duwatsun Birnin Kudu ma sun riga mu. Wanda ya taɓa hawa wajen Dutsen Mesa ko Dutsen Habude, inda zanen shanun nan na mutanen da yake, wanda masu binciken tarihi suka bayyana wa duniya a shekarun 1950, zai ga kwarmin dutse da iska ta tara wa ƙura, awaki suka zuba wa kashi, ruwan sama ya jiƙa, ciyawa ta fito shar a kan dutse tsagwaronsa. Noman bokiti ke nan gaba ɗaya: 'yar ƙasa, ɗan taki, ruwa, da abin da zai riƙe su. Raunin abin ma yana nan a wurin. A yi kwana biyar sama ba ta zubo ba, ciyawar kwarmi ce ke fara ƙonewa, ta gindin dutse tana nan kore.

Abin da ya canza shi ne gidan kansa. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta haura mutum dubu 300, Gwaram ta haura dubu 270, kuma kowa ya san yau an wuce haka nesa. Tun da aka yanke Jigawa daga Kano a watan Agustan 1991 garuruwan ke cika da ma'aikata. Birnin Kudu ga asibitin tarayya, ga tsohuwar kwalejin gwamnati da Aliko Dangote ya yi karatu a cikinta, ga makarantu da ofisoshi. Malamin da aka turo daga Gumel ko ma'aikaciyar jinya daga Haɗejiya ba su zo da gona a aljihu ba. Abin da suka samu ɗaki biyu ne da baranda, kuma mai gidan haya ba zai yarda a fasa masa siminti ba. Wanda ya samu hali ya gina nasa kuwa, intalok yake shimfiɗawa daga get har bayan gida, don yanzu shi ne ado.

Nan ba Legas ba ce, benaye ba su da yawa. Barandarmu ta ƙasa ce, da dakali, da bayan ɗaki, da tsakar gidan da aka shafe. Amma ga tsiro duk ɗaya ne: ko a hawa na biyar, ko a tsakar gida a Kantoga, in saiwa ba ta samu hanyar shiga ƙasa ba, sai an kawo mata ƙasar a mazubi.

Har a gidan manomi ma akwai giɓin da ba a cika faɗa ba. Gona hatsi take kawowa: gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, riɗi. Rumbu yana iya cika a ce babu abin miya. Noman rani da ake yi a fadama kuwa da kwando ake auna shi, kasuwa yake nufa, irin su Sara, daga can mota ta kwashe. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa fadama, abin da maigida ya ajiye na cefane da shi za ta yi dabara, kuma in bai kai ba ita ake kallo idan miya ta yi salam. Saboda haka ba mamaki, a mafi yawan gidajen da na gani, bokitan na mata ne. Su ke ban ruwa, su ke tsinka, kuma ba sa neman izinin kowa kafin su jefa a tukunya.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa abin ƙaimi. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na injin ban ruwa suka tashi tare. Zuwa Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ya wuce kashi 40 cikin 100. A wannan tsakanin ne uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta fito da gasar lambu a kowane gida. Dattawa sun yi murmushi, don sun tuna a 1976 gwamnatin Obasanjo ta taɓa kiran kowa ya noma bayan ɗakinsa a shirinta na ciyar da ƙasa. Gwamnati kan tuna da lambun gida idan kasuwa ta yi zafi, ta manta da shi idan ta huce. Gwaggona ba ta ji labarin ko ɗaya daga cikin shirye-shiryen ba.

Ƙasar gona ba ta zama a bokiti

Da na koma gida na ce ni ma sai na gwada, kuma da yake ina ganin na fi gwaggo ilmi ban tambaye ta komai ba. Na sa aka ɗebo mini baƙar laka daga fadama, wadda kowa ya san ta fi kowace ƙasa ƙarfi. Na cika baƙaƙen bokitai shida, na huda kowanne sau ɗaya da ƙusa, na zuba ɗanyen kashin kaji da hannu biyu don a yi ta ta ƙare, na dasa tumatir, na jera su a tsakiyar siminti a watan Afrilu. Kwana tara suka yi. Da na juye bokiti ɗaya, ƙasar ta fito dunƙule kamar bulo, samanta a bushe ƙamas, ƙasanta yana wari, saiwar ta yi baƙi.

Kuskure huɗu na tafka a aiki ɗaya, kuma su ne dai ke kashe shukar yawancin masu farawa.

Ƙasar da ke da kyau a gona ba lalle ta yi kyau a mazubi ba. A fili akwai tana da gara da saiwoyi masu buɗa ta, ruwa kuma yana da inda zai gangara. A bokiti ban ruwan kullum yana danne ta har iska ta rasa hanya, kuma saiwa numfashi take kamar kowa. Laka zalla tana shaƙe ta. Rairayi zalla, irin jigawar da jihar ta samo sunanta, ruwa wucewa yake yi ta cikinsa kamar rariya, ya tafi da takin. Haɗi ake yi. Wanda na ga ya fi karɓuwa shi ne kwano ɗaya na ƙasar gona, kwano ɗaya na takin da ya riga ya ruɓe, kwano ɗaya na abin da zai sa ta yi sako-sako: ɓuntun shinkafa, musamman wanda aka babbaka bai kai ga zama toka ba, ko ɓawon gyaɗa da aka ɗan daddaka. Waɗannan biyun a nan zubar da su ake yi a bakin injin. A Dakar kuwa, tun 1999 da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shigo da ƙananan lambunan tebur tare da gwamnatin Senegal, da ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafar nan mata ke noman latas da na'a-na'a a kan rufin gidaje, wasu ma ba ko ƙwayar ƙasa a ciki.

Taki kuma sai wanda ya huce. Kashin awaki da na tumaki da ya kwana biyu a turke, ya yi baƙi ya daina wari, shi ne na gaba. Ɗanyen kashin kaji wuta ne, ƙone saiwa yake yi, sai an tara shi an jiƙa an bar shi wata biyu ko uku. Takin bola yana da kyau, amma a tankaɗe shi, don bolar yanzu cike take da leda da fasasshen gilashi da mataccen batir. Toka ɗan barbaɗe ake yi, ba zubawa ba. Mai son takin zamani, abin da ya cika murfin kwalbar lemo na NPK ya ishi babban bokiti, a binne shi can gefe nesa da kara, a bi shi da ruwa.

Huda kuwa ba ɗaya ba. Biyar ko shida a gindi, kowace yatsa zai shiga, sannan a ɗora mazubin a kan bulo ko duwatsu. Ɗorawar tana maganin abu biyu: ruwa ya samu fita, kuma gindin ya rabu da simintin da a bazara ko ƙafa ba ta iya taka shi da rana tsaka. Baƙin bokiti a wannan rana tukunya ce a kan murhu. Farin bokitin fenti ya fi, buhu ya fi shi, tukunyar ƙasa ta fi su duka.

A nan ne nake ganin 'yan Jigawa suna da abin alfahari da suka manta. Mohammed Bah Abba, malami a Dutse wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda randa cikin randa: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ruwan na tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, cikin yana sanyi, tumatir da tattasai su yi makonni ba su lalace ba. Halin yumɓun da ya yi wannan aiki shi ne ke sanyaya saiwa a cikin tsohuwar randa. Shi ne kuma ke ba da wata dabarar ban ruwa da aka daɗe da sani a ƙasashen da ruwa ke wuya: a binne ƙaramin tulu har wuya a tsakiyar babban mazubi, a cika shi da ruwa, a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali, saiwoyi su zo su naɗe tulun su sha daidai buƙatarsu. Maginan tukwanenmu da roba ta kashe wa kasuwa suna da abin sayarwa a nan, in an nuna musu.

Girman mazubi ya danganta da abin da za a shuka. Tumatir, attarugu, tattasai, gauta da kuɓewa, kowane gindi ɗaya yana son bokiti mai lita 20. A cusa uku a ciki, a samu ganye ba 'ya'ya. Alayyafo, latas, lalo, lawashi da na'a-na'a ba sa nutsa saiwa, zurfin taƙi ɗaya ya ishe su, shi ya sa kwantacciyar jarka ko tsohon daro ke yi musu. Buhu kuwa ana iya tsayar da shi a cika, a jera tsakuwa a tsakiyarsa daga ƙasa har sama don ruwa ya ratsa, a tsattsaga gefensa a dasa ganye a kowace tsaga. Da haka mazauna unguwar Kibera a Nairobi suka yi suna tun wajen 2008, suna fitar da ganyen miya a lungun da tabarma ɗaya ba za ta shimfiɗu ba. Aibin buhu ɗaya: rana na cin sa, da wuya ya wuce shekara bai fara yagewa ba.

Abu ɗaya ne ba a sasantawa a kansa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko baƙin mai, kada a shuka abin ci a cikinta, ko sau nawa aka wanke.

Ruwa shi ne maganar

Duk wanda ya ce maka noman bokiti ba ya cin ruwa, bai yi bazara da shi ba. Babban gindin tumatir ko kuɓewa a watan Afrilu yana iya shanye lita biyu a rana, wani lokaci fiye. Bokiti goma ke nan sun kusa cinye jarka guda kullum. Ga mai rijiya a gida ko burtsatse a ƙofa wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, sai ya zauna ya yi lissafi, kada kuɗin ruwa ya fi kuɗin miyar.

Matan da abin ya ɗore a hannunsu ba sa sayen ruwa don shuka. Ruwan da ya riga ya yi aiki ɗaya suke ba shi na biyu. Na wankin shinkafa, na wankin kayan miya, na ɗaurayar ƙarshe ta kwanuka, da kuma wanda ya fi duka yawa, na alwala. Gida mai mutum goma, kowa da butarsa sau biyar a rana, ka auna abin da ke bin makwarara a banza. A gidan gwaggo daro ake ajiyewa a wurin alwala, yara su juye a bokitai bayan la'asar da bayan asuba. Ruwan wanki mai omo da bilic shi ne ba a so, gishirinsa yana taruwa a mazubi har ka ga fari-fari a saman ƙasa, bakin ganye ya fara ƙonewa. Idan ruwan rijiyar unguwa mai zartsi ne ma haka yake yi, maganinsa a riƙa kwarara ruwa da yawa lokaci-lokaci har ya fita ta gindi ya wanke ƙasar.

Da sassafe ake ban ruwa, a bazara a ƙara da yamma. A rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, laima za ta daɗe. Kuma kada a bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashin bokiti ko a buɗaɗɗen tulu. Kwana kaɗan sauro zai yi ƙwai, a je neman miya a dawo da zazzaɓi.

Tumatir mayaudari ne

Kowa da tumatir yake son farawa, don shi ne ya fi ƙona aljihu. Sai dai akwai wata gaskiya da masu bidiyo ba sa faɗa. Lokacin da tumatir ya fi sauƙin yi a bokiti, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu da sanyin hunturu, shi ne lokacin da ya fi arha a kasuwa, har manoman Kadawa da na fadamun Haɗejiya ke shanya shi a bakin titi don rashin mai saye. Lokacin da ya yi tsada kuma, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, shi ne lokacin da yake ƙin yi. Idan zafin rana ya wuce digiri 35, dare ma bai huce ba, furen zubewa yake yi bai ɗaura ɗa ba. Za ka ga tsiro kore shar har kafaɗa, ka yi ta jira.

Inda bokiti ya fi gona shi ne da damina. Abin da ke kashe tumatirin damina a fili dukan ruwa ne da laimar da ke kawo ciwon ganye da ruɓewar gindi. Bokiti kuwa ana ɗaukarsa. A ajiye shi a bakin baranda inda rana ke samunsa rabin wuni amma ruwan sama ba ya dukansa, a kafa masa sanda, a riƙa zuba ruwa a gindi ba a kan ganye ba. Wanda ya dasa a Yuni yana iya tsinka a ƙarshen Agusta. Gajerun iri irin su Roma da wanda 'yan kasuwa ke kira UTC sun fi zama a mazubi, don ba sa yaɗo. A kula da irin da aka matse daga tumatirin kasuwa: in na aure ne, 'ya'yansa ba sa gado, za ka iya samun wani abu dabam da wanda ka gani.

Ni dai a ganina tumatir ba shi ne gwarzon wannan noma ba. Attarugu ne da ganye. Gindin attarugu ɗaya in ya samu kulawa yana wuce shekara yana bayarwa, in ya tsufa a sassabe shi ya sake tofo, kuma miya biyu ko uku kawai take nema. Alayyafo mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, a yanke sama a bar gindi ya sake fitowa. Lawashi ko iri ba ya buƙata, gindin albasar da aka yanke za a jefar shi ake dasawa. Kuɓewa, yakuwa, rama da lalo 'yan gida ne, zafin da ke kashe tumatir su ba ya ɗaga musu hankali. Zogale a buhu a riƙa datse kansa a daidai ƙugu, zai yi rassa ya yi ta ba da ganye maimakon ya miƙe sama.

Wannan ba maganar daɗin baki kaɗai ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, ba su kai tsawon shekarunsu ba, ɗaya daga cikin adadi mafi muni a Najeriya. Dalilan suna da yawa, bokiti ba zai warware su ba. Amma yaron da ke samun ɗanyen ganye a miyarsa a watannin da babu sai busasshiyar kuka, ba ɗaya yake da wanda ba ya samu ba.

Abokan gaba

Babban ɓarawo ba ƙwaro ba ne, akuya ce. Minti biyar aka bar ƙofa a buɗe, aikin wata biyu ya tafi. Kaji na tone ƙasa, ƙadangaru na cin tsiro tun yana ganye biyu. Tsohon gidan sauro da aka kewaye bokitai da shi yana maganin duka ukun.

Idan ƙwari suka sauka, hannu ya fi saurin zuwa ga fiya-fiya, don tana nan a ƙarƙashin gado. Wannan ganganci ne. Ganyen da za a yanka gobe a dafa wa yara ba a fesa masa gubar kashe kyankyaso. Sinadarin da ke cikinta ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan sa shi a abinci. Bokiti goma ba gona ba ce, ana iya bin ganye da ido kowace safiya a tsince tsutsa da hannu. In abin ya yi yawa, ga darbejiya a kowace ƙofa: a daka ƙwallonta cikin tafi biyu, a jiƙa a ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan mako.

Masu rufin kankare da ke sha'awar hawa da buhuna sama su tuna jiƙaƙƙen buhun ƙasa ya fi buhun siminti nauyi, kuma laimar kullum tana ratsa kankare. Soron ƙasa mai azara kuwa kada ma a fara.

Iyakar abin

Ba na cikin masu cewa noman buhu zai kori yunwa daga ƙasar nan. Na ga ana nuna doya da masara a buhu ana tafi, kuma doyar tana yi, amma a lissafa buhu nawa za a jera kafin a ciyar da gida mai mutum goma sha biyu wata ɗaya. Tuwo daga gona zai ci gaba da fitowa, kuma matsalar manomin Gwaram taki ce da iri da hanya da ambaliya, kada wani ya fake da bokiti ya ce ya yi masa aiki. Abin da bokiti ke iyawa ƙarami ne: ya cike giɓin miya, ya rage abin da ake fitarwa kullum na cefane, ya ba matar gida wani abu da yake nata. Wata har takan ɗaure alayyafo da na'a-na'a ta ba yaro ya zaga maƙwabta, ta samu na sabulu.

Abin da ya rage shi ne ilmin ya shiga gidaje, kuma namiji malamin gona iyakarsa zaure. Hukumar raya noma ta jiha, JARDA, da sassan aikin gona na ƙananan hukumomin biyu su nemi mata su horar, su tura su makarantun Islamiyya na matan aure da wuraren awon ciki, inda matan ke taruwa dama. Ba a buƙatar rabon bokiti ko bikin ƙaddamarwa, kowane gida yana da abin da ya ɓule. Iri mai kyau a ƙaramin ƙulli da mace za ta iya saya da canjin cefane, da wadda za ta nuna mata haɗin ƙasa sau ɗaya, sun wadatar. Tsangayar aikin gona ta Jami'ar Tarayya da ke Dutse kuma, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Birnin Kudu, tana iya gwada mana wane irin tumatir ne ke jure bazararmu a mazubi, a faɗa mana da Hausa a rediyo.

Mai karatu da ke son tumatirin hunturu, ka yafa iri a kasko da zarar ruwa ya ɗauke a Oktoba, ka dasa bayan mako uku zuwa huɗu. In kuwa ba ka taɓa yi ba, bar tumatir tukuna. Nemi jarkar man gyaɗa guda, yanke ta, huda ta da kyau, ka yafa alayyafo. Kafin wata ya cika za a yanka.